Gyartai da Jan Akushin Sin

Bari in sauƙaƙa wa mai karatu tun daga farko, kada ya yi ta lalube yana neman wawan labarin nan: ni ne. Na faɗa da bakina don kada matata Hajiya ta riga ni, domin ita in ta tashi ba da labarin takan ƙara masa gishiri, har da abubuwan da ban tuna na yi ba.

Ni ɗan gyartai ne, jikan gyartai. Yaran da aka haifa nan Madina ba su san gyartai ba, in ka faɗa sai su dube ka su ba ka amsa da Larabci. To, shi ne mai ɗinke ƙwaryar da ta tsage. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, yakan zaga ƙauyukanmu da basilla da damin zaren kaba, mata su fito masa da ƙoren nono da na fura. Ya huda nan, ya huda can, ya ɗinke tsagar tsaf, sannan ya yi abin da ya fi komai girma a sana'ar, wato ya ce a kawo ruwa. Ya cika ƙwaryar, ya ɗaga ta sama gaban mai ita, kowa ya leƙa ƙarƙashi. In ba ɗigo, aiki ya yi kyau. Makarantar boko kuwa na yi ta har zuwa ajin da ni da malamin lissafi muka fahimci ba za mu amfani juna ba, muka rabu lafiya.

Da wannan ilimi na zo Madina, na kama ɗan shago a wani lungu bayan titin Sultana. Ina gyara akwatin alhazai da zif ya ɓalle, da hannun butar shayi, da lema, da agogon nan mai kiran sallah in ya ruɗe ya koma kiran asuba da rana tsaka. Likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasarmu sukan tsaya da motocinsu su miƙo mini abin da digirinsu ya kasa. Wannan ya sa kaina ya ɗan kumbura. A duk zamana a lungun nan ba wanda ya taɓa jin na ce ban iya ba.

Jikin shagona akwai na wani dattijo mutumin Sin, Musulmi, mai murza taliya da hannu. Yana yaro iyayensa suka fito da shi daga ƙasarsu lokacin wani tashin hankali, suka bi duwatsu, suka hau jirgin ruwa, suka zo aikin Hajji suka zauna. Ni ina ce masa Alhajin Sin, shi yana ce mini Mu'allim, yana jan kalmar yadda ba ka sanin girmamawa ce ko tsiya. Larabcina ya karkace ta wajen Hausa, nasa ya karkace ta wani waje dabam, amma muna gane juna sarai. Kullum bayan La'asar yakan fito da koren shayinsa marar sukari, in fito da sukarina, mu zauna kan benci ɗaya muna yi wa mutanen lungu sharhi. A shekarun da wayar hannu ta fara shiga aljihun mutane, ba ni da abokin da ya kai shi.

Wata rana ya fito ba buta a hannunsa, sai wani abu naɗe cikin tsohon harami. Ya ɗora bisa cinyarsa ya warware a hankali kamar mai buɗe jariri. Shi akwati yake ce masa, ni kuwa akushi na gani, kewayayye mai murfi, ja wur kamar cikin kankana. Ba inda za ka ɗora yatsa a jikinsa ba ka taɓa zane ba. Ga furanni masu ganye kan ganye, ga dutse, ga itace mai karkatattun rassa, ga wani ɗan tsoho cikin kwalekwale yana kamun kifi, bai fi tsawon ƙwayar dabino ba, amma har gemunsa ana gani.

Na ƙwanƙwasa shi da farce na ce, "Alhajin Sin, wannan ai roba ce. Irinta ce 'yan'uwanka suka cika mana kasuwa da ita, da carbi da darduma da tocila mai kwana ɗaya."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Mu'allim, ajiye farcenka."

Sai ya shiga yi mini bayani, ni kuma na saurara irin sauraron da nake yi wa huɗubar da na riga na san ƙarshenta. Ya ce akwai wata bishiya a ƙasarsu da ake tsaga bayanta a tari ruwan da take zubarwa, kamar yadda ake tarar ƙaro. Ɗanyensa in ya taɓa fata, sai mutum ya yi ta susa kamar ya kwana cikin ƙaiƙayi. A tace shi, a zuba masa garin wani jan dutse. Can ciki akwai katako siriri da aka lulluɓe da ƙyalle. A kan wannan ake shafa ruwan, shafi ɗaya siriri kamar fatar albasa, sai a kai shi ɗaki mai laima a rufe.

Na ce, "Mai laima? Ka ce dai a kai shi rana."

Ya ce, "Rana kashe shi take yi. A cikin laima yake bushewa."

Na ce, "To lallai ƙasarku nesa take."

Ya ce in ya bushe a goge shi, a sake shafawa, a sake kai shi ɗaki. Haka za a yi ta yi, shafi kan shafi, har wanda ya fara aikin ya manta fuskar mai odar. Sai ya yi kauri sannan masassaƙi ya zo da 'yan wuƙaƙensa ya yanka zanen a cikin shafen kansa, katakon ko ganinsa ba ya yi. Abin da ya yanke ya tafi ke nan, ba a mayarwa. Ya nuna mini ƙasan zanen, ya ce in dubi yadda aka yi wa ruwa nasa saƙar, aka yi wa sama tata, aka yi wa tudu tasa, don ido ya san inda kwalekwale yake. Ya ce wasu sukan dasa ɓawon kifin teku mai ƙyalli a jiki, wasu su ja layi su cika da zinariya, amma na gidansu sassaƙa ce zalla. Sannan ya faɗi wani abu da ya kamata in rubuta a goshina. Ya ce can kusa da ƙasa masu shafe sukan sa shafi ɗaya baƙi a tsakanin jajayen. Idan wuƙar masassaƙi ta tono baƙin nan, ya san an ce masa ya tsaya, abin da ke gaba ba nasa ba ne.

Na ce, "Hikima ke nan. To me ya same shi?"

Ya juya murfin. Wata tsaga ce siririya ta taso daga baki ta nufi ɗan tsohon nan mai kamun kifi. Ya ce busasshiyar iskar Madina ce, ga kuma na'urar sanyaya ɗaki da ya sa kusa da inda yake ajiye shi. Akushin na kakar mahaifiyarsa ne, daga uwa yake zuwa hannun 'ya ranar aurenta. Mahaifiyarsa ta goyo akushin a baya tare da shi a kan duwatsun nan, ta zubar da tufafi amma ba ta zubar da shi ba. Ba ta haifi mace ba, sai ya faɗo hannunsa. Yanzu ga 'yarsa tilo an sa mata rana, yana son ya miƙa mata shi yadda aka miƙo masa.

Ya ce, "Kai kana hulɗa da manyan mutane, likitoci da malaman jami'a. Ko ka san wanda ya san wanda zai iya duba shi? Ko a Jidda ne."

A nan ne Shaiɗan ya zo ya zauna tsakaninmu a kan bencin. Na gyara hula na ce, "Alhajin Sin, kana zaune da jikan gyartai kana neman mai gyaran tsaga a Jidda? Mu tsaga gadonmu ce."

Ya ce, "Ba za ka kai shi rana ba?"

Na ce, "Wallahi ko hasken taga ba zai gani ba."

Kuma ina son a shaida, wannan alkawari na cika shi.

Washegari ya rufe shago ya tafi Jidda sayayyar biki, ni kuma na rungumo akushin na tafi da shi gida. Hajiya tana tsince shinkafa ta ɗago kai. Na ba ta labari duka, har da ɗakin laima, don ta san mijinta ya ƙaru da ilimi.

Ta ce, "To me za ka yi masa, Malam?"

Na ce, "Abin da Baba yake yi."

Ta ajiye tiren. "Ɗinki?"

"Ɗinki."

"Malam, wannan fa ba ƙwaryar furar gwaggonka ba ce."

Na yi mata bayani cikin natsuwa, irin na masana. Na ce tsaga tsaga ce, ko a Sin ko a ƙauyenmu. Gam na ragwaye ne, yana riƙewa yau ya saki gobe. Abin da ke hana tsaga tafiya shi ne a tare ta da huda a ɗaure mata baki. Ta ce in jira mai abu ya dawo in gaya masa tukuna. Na ce ai daɗin abin ya zo ya tarar an gama. Ta ce, "Zai kuwa tarar an gama." Ta ɗauki tirenta ta shige kicin.

Zaren kaba babu shi a Madina, amma ina da wanda ya fi shi. Wani manomin dabino daga Badr ya taɓa kawo mini damin zaren jikin dabino. Na zaɓi masu kyau, na jiƙa, na murza a cinya har suka yi santsi. Na ce a raina, kayan Sin da zaren Badr da hannun Bahaushe, ai wannan yarinya ta gama samun albarka.

Na kafa basilla gefen tsagar, na shiga murzawa tsakanin tafin hannu. Ƙwarya takan ba da hanya nan da nan, amma wannan abu ya yi gardama kamar ƙashi. Can sai wani jan gari mai laushi ya fara taruwa. Na hure, na kawo ramin kusa da idona, sai na ga abin da har yau in na rufe ido ina ganinsa. Bangon ramin nan layi ne kan layi, sirara ƙwarai, kamar ka dubi gefen babban littafi a rufe. Kowane layi wani mutum ne ya shafa shi, ya ɗauka ya kai ɗaki, ya rufe ƙofa, ya tafi gida ya jira. Na ci gaba da murzawa, sai garin ya sauya, ya fito baƙi.

Na san abin da ake nufi. Mutumin da ya mutu tun kafin a haifi kakana ne yake ce mini in tsaya. Na tsaya kuwa, har na sha ruwa. Sai na yi wani lissafi, kuma kun san tsakanina da lissafi. Na ce huda ɗaya ɓarna ce, amma huda da 'yar'uwarta a ɗaya gefen gyara ne, saboda haka mafita tana gaba. Na yi bismilla na zarce.

Kafin a kira Azahar na gama. In faɗi gaskiya, ko Baba ba zai raina ɗinkin ba. Ya tafi a jere kamar tsani, daga bakin murfi ya hau dutse, ya ratsa furanni, ya tsaya daidai kan ɗan tsohon. Ɗinki na ƙarshe ya bi ta kansa ya naɗa masa wani abu kamar rawani. Wani ɗan ganye ya ɓalle a hanya, na share shi ƙarƙashin darduma. Na kira Hajiya ta zo ta gani. Ta duba, ta yi salati, ta ce in Alhajin Sin ya dawo in gaya masa ita tana gidan 'yar'uwarta a unguwar Ƙiblatain.

Ranar da ya dawo na shirya masa biki sosai. Na jira bayan La'asar, na tara maƙwabta, har da wani mai kantin magani ɗan garinmu da ya zo karɓar lemarsa. Na warware haramin, na juya murfin ya zama kamar kwano, na ce a kawo ruwa. Na cika shi fal, na ɗaga sama yadda Baba yake yi, na ce, "Jama'a, a leƙa ƙarƙashi!"

Aka leƙa. Ko ɗigo.

Na ce, "Alhajin Sin, ba ya yoyo."

Mai kantin magani ya ce a hankali, da Hausa, "Baba, murfi ne fa. Wa ya ce maka ana zuba masa ruwa?"

Alhajin Sin ya matso. Ya karɓi murfin da hannu biyu, ya zubar da ruwan a gindin bango, ya tsane shi da gefen rigarsa, lungu lungu. Ya bi ɗinkin da ɗan yatsa tun daga baki har zuwa rawanin ɗan tsohon. A ramin farko ya tsaya ya leƙa.

Ya ce, "Ka ga baƙin?"

Na ce, "Na gani."

Ya gyaɗa kai, ya naɗe kayansa, ya shiga shago. Da ya zage ni da na samu abin ramawa, domin a wannan fanni ba ni da na biyu a lungun.

Daga ranar nan shayi ya ƙare. Ba gaba ya yi da ni ba, mutumin yana tsoron Allah. Yana yi mini sallama, yana amsa tawa, a masallaci kafaɗarmu tana haɗuwa. Amma bayan La'asar sai in zauna ni kaɗai a benci da gwangwanin sukarina, ina jin ƙarar taliyarsa yana buga ta a kan tebur da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Na aika masa da dabino, ya aiko da godiya. Na je na ce in yana so in warware ɗinkin. Ya ce, "Ramukan fa, su ma za ka warware su?" Na dawo.

Ya gayyace mu bikin, don maƙwabtaka. Ni ina wajen maza ina cin shinkafa da ƙyar. Hajiya ce ta shiga wajen mata ta kawo mini rahoto. Ta ce an kawo akushin gaban amarya, uwar tana ta ƙoƙarin juya ɗinkin wajen bango. Amarya ta ɗauka ta duba, ta tambaya, aka gaya mata aikin Mu'allim ne na jikin shagon babanta. Ta yi dariya har kwallinta ya zubo, ta ce tsohon cikin kwalekwale ya daɗe a Madina, dama ya kamata a ce ya yi rawani. Ta rungume abinta ta tafi da shi.

Na ce, "Kin gani? Yarinya mai hankali. Ta san aiki."

Hajiya ta ce, "Ta san ranar aurenta ce, ba ta son uban ya yi kuka. Kada ka je kana faɗa a lungu."

Ban faɗa wa kowa ba sai mutum kaɗan. Duk da haka shayi bai dawo ba.

Bayan 'yan watanni wani ƙullutu da na daɗe ina ɓoyewa a cikina ya tashi tsaye, aka kwantar da ni asibiti aka yi mini aiki. Likitan ɗan ƙasarmu ne, yaro mai ladabi, na taɓa gyara masa jaka. Da na farfaɗo aka zo sauya bandeji, na leƙa na ga cikina, na ga ɗinki baƙi ya tafi a jere tun daga cibiya, sai raina ya ɓaci. Ina cikin wannan hali, Hajiya tana gefe a kujera, sai aka yi sallama. Alhajin Sin ne, riƙe da butar shayinsa a cikin leda. Ya ajiye ta kan durowa, ya laluba aljihu ya fito da ƙullin sukari ya ɗora kusa da ita. Da na ga sukarin nan sai da na juya fuska wajen taga na ɗan lokaci.

Ya zauna ya ce, "Sannu, Mu'allim. Yaya jiki?"

Da mai hankali ne da sai ya ce da sauƙi, ya karɓi shayi. Ni kuwa daɗin ganin abokina ya sa bakina ya kwance. Na yaye riga na ce, "Alhajin Sin, dubi abin da yaran nan suka yi mini. Cikin nan shekara da shekaru ina tara shi, da tuwo da shinkafa da taliyarka, ban taɓa bari ko ƙaya ta karce shi ba. Na miƙa musu amana, na ce su ɗan duba, na rufe ido na buɗe, sun huda ni sun ɗinke kamar buhun gawayi. Ko shawara ba su yi da ni kan irin zaren ba! Wannan aiki ne, don Allah?"

Ya sunkuyo ya bi ɗinkin da ido tun daga sama har ƙasa, a natse, kamar yadda ya bi na murfin. Sannan ya juya wajen matata.

Ya ce, "Hajiya, miƙo gorar ruwan nan mu ɗura masa, mu ɗaga shi sama a leƙa ƙarƙashi. In ba ya yoyo, aiki ya yi kyau."